Minti Biyar da Ƙofar Matar Yaya

Tun hantsi hadari ya haɗo a ranar, amma ya ƙi zuba. Sama ta yi baƙi ƙirin ta tsaya cak, iska ta ɗauke, gumi na tsattsafo wa mutum ko yana zaune a inuwa. A irin wannan rana mai fenti ba ya buɗe gwangwani, don duk abin da ya shafa ba zai bushe ba. Ni kuwa fenti ne sana'ata, shekara arba'in da 'yan kai. Rashin abin yi ya sa na bi mijin 'yata zuwa ɗakin matar Yaya, na kife bokiti na zauna, na ga komai da idona daga farko har ƙarshe.

Mijin 'yar tawa kafinta ne, ko in ce haka yake faɗa. Minti Biyar ake kiransa. Ba wanda ya laƙaba masa don ƙeta, da bakinsa ya jawo. Ka nuna masa ƙafar kujera ta karye, minti biyar. Ka nuna masa rufin gida guda ya zube, zai ɗaga kai ya kalla, ya taɓe baki, ya ce minti biyar, sai dai in katako bai iso ba. Da farko yana jin haushin sunan. Daga baya ya sa aka rubuta masa shi a bayan rigar aiki.

A hannun yayana ya fara koyo. Yaya, Allah ya ji ƙansa, kafinta ne na gaske, irin waɗanda ke shafa katako da tafin hannu kafin su ɗauki zarto. Minti Biyar ya zo wurinsa da gemunsa, bayan ya gwada tuƙi ya bari, ya gwada gyaran rediyo ya bari. Wata bakwai ya yi. A wata bakwan nan abu ɗaya Yaya ya nace sai ya koya masa, wato wasa cizal, ƙarfen nan mai kaifi na fafe katako, a kan dutse, shi kuma ya ƙi. Ya ce bai zo duniya don goga ƙarfe a dutse ba. Ranar da zai tafi ya ce wa Yaya ya riga ya kwashe duk abin da ke kansa. Yaya bai ko ɗago daga aikinsa ba, ya ce, "To madalla. Ka ja mana ƙofa in ka fita." Bai ja ba ma.

Daga nan ya shiga wani kamfanin kujeru ya shekara biyu. Me yake yi a can, Allah masani. Wani direba ya ce mini katako yake saukewa daga mota. Shi kuwa ya ce shi ne ke kula da injina. Abin da na sani dai, ya dawo da baƙin akwatin roba a hannu, a ciki akwai inji. Ɗan inji ne da ake riƙewa da hannu biyu, yana da haƙori guda a ƙasa mai juyawa har ido ba ya ganinsa, yana fafe katako ya fitar da gurbi ko ado a gefe. Inji ne mai kyau, ban taɓa zaginsa ba. Na ga masu hankali sun yi aiki da shi, gwanin sha'awa. Amma tun ranar da ya faɗo hannun Minti Biyar, duk sauran kayan aiki suka zama abin dariya a wurinsa. Cizal guda ɗaya da ya mallaka ya ba ni kyauta, ya ce in riƙa buɗe gwangwanin fenti da shi. Na karɓa. Bakinsa kamar na cokali, dama aikin da ya dace da shi ke nan.

Mai fenti ne ke shiga bayan kafinta ya fita, saboda haka ba abin da kafinta zai ɓoye masa. In aikin Yaya ne, buroshi kawai nake ɗauka. In na Minti Biyar ne sai na tafi da foti, kwaɓin nan na toshe ramin katako, rabin bokiti, ina cusawa a ramuka kamar mai yi wa jariri ɗura. Akwai wata durowa da ya haɗa wa wani tela a tsakar gida, sai da aka gama aka ga ba ta shiga ɗaki. Ya ce laifin magini ne da ya yi ƙofa ƙarama. Har yau tana waje, an rufa mata leda.

Yadda aka yi ya auri Auta, 'yata ta ƙarshe, kada a tambaye ni. Yana da baki, yana da fara'a, rigarsa kullum a goge. Ba ya zagi, ba ya duka, 'ya'yansa ba sa rasa abinci, wannan kam na ba shi. Ita ta ce shi take so, ni kuma ban iya musu ba. Tun daga ranar bakina ya mutu a kan aikinsa. Foti kawai na ƙara saye.

Yaya ya rasu ya bar matarsa a ɗakin da suka yi shekara talatin da ɗaya suna haya. Ba su haihu ba. Kowa Iya yake ce mata, ni kaɗai nake ce mata matar Yaya. Ɗaki ne guda da ɗan baranda, ƙofarsa na kallon titi. Daga kan kujerarta tana gaisawa da duk mai wucewa, ta san tarin kowa da takun kowa a layin. Matar mai kanti na kawo mata ruwa, mai aski na kusa na leƙo ta safe da yamma. Takan ce daga ɗakin nan sai kabari.

Mai gidan, wanda ake kira Mai Makullai saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa, gadon gidan ya yi daga ubansa. Tun ranar da ya gada, in ya kalli ɗakin Iya shago yake gani. Kunyar mutanen layi ce kawai ta hana shi korarta. Dalili yake nema.

To sai ƙyauren ɗakin ya ruɓe daga ƙasa. In ana ruwa da iska, ruwan har ƙarƙashin gado yake shiga, ga ta da tari. Na samo mata wani ƙyaure a wani ofis da ake gyarawa, inda na yi fenti, katako zalla mai nauyi. Tsawo da faɗi ya yi daidai kamar don ita aka yi shi. Kauri ne kawai ya ɗara na da, da kamar faɗin ɗan yatsa. Shi firam ɗin ƙofa yana da gurbi da aka fafe a jikinsa, dama da hagu da sama, inda ƙyaure ke kwanciya in an rufe. Gurbin da ke nan na siririn ƙyaure ne. Sai an faɗaɗa shi sabon zai zauna.

Da za a cire firam ɗin a kai shago, aikin ba wuya. Amma cire shi sai an fasa bango. Da na je wa Mai Makullai da maganar, sai ya kira maƙwabta biyu su shaida.

"Ƙyaure naku ne, ku sauya abinku," in ji shi. "Bango nawa ne. In na ga tsaga ko da kamar zare ce, Iya ta nemi wani wuri, don ni gyara zan yi gaba ɗaya."

Yana faɗa yana murmushi, makullai na kaɗawa.

Ke nan dole a yi aikin a tsaye, firam na jikin bango, kuma bango kada ya ji. Na so in kira wani tsohon abokin aikin Yaya. Auta ta zo ta durƙusa a gabana, ta ce, "Baba, in aka kira bare alhali ga shi a gida, da wane ido zai kalli mutane?" Na yi shiru. Shirun nan shi ne nawa laifin, ban ɗora wa kowa ba.

Ranar aikin Minti Biyar ya iso riga fes, tabarau a goshi, fensir a bayan kunne wanda ban taɓa ganin an fere shi ba. Ya ajiye akwati, ya gai da Iya har ƙasa, ya cire tsohon ƙyauren ya jefar a titi, ya ja baya ya kalli firam ɗin.

"Wannan ne duka? Iya, ɗora ruwan shayi. Kafin ya tafasa kin rufe ƙofarki."

"Ni dai a bi a hankali, ɗan nan," in ji ta. "Shi ya kafa shi da hannunsa, shekarar da muka shigo."

Yaya yana da wata ɗabi'a a aiki. Ba ya son a ga kan ƙusa. In zai kafa firam, sai ya huda rami a gefen gurbin, wurin da katakon ya fi kauri, ya kora doguwar ƙusa ta shige bango, ya nutsar da kanta, sannan ya fere ɗan katako ya toshe ramin ya goge. Uku a dama, uku a hagu. Ni na shafe su da fenti, sau tara a cikin shekara talatin da biyar. Ba mai ganinsu, amma suna nan, kuma suna zaune daidai kan layin da za a fafe.

"Malam," na ce masa, don haka nake kiransa, "akwai ƙusa shida a jikin nan. A kankare fenti a nemo su, a ɗan ƙara nutsar da su a hankali, sannan a sa inji."

Ya ƙwanƙwasa firam ɗin da ɗan yatsa, ya kara kunne kamar likita.

"Baba, ba ƙusa a nan. Da akwai da na ji."

"Ni na shafe su."

"Shekara nawa ke nan? Ai tsatsa ta cinye su tuni. Zauna ka huta, Baba, ba a zo kan fenti ba tukuna."

Na koma kan bokiti.

Na ga yadda masu hankali ke wannan aiki. Suna kafa miƙaƙƙen katako a jikin firam ya zama jagora, injin ya bi shi, kuma suna ci kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu, kafin su kai zurfin da suke so. Minti Biyar ya saukar da haƙorin har ƙarshe don ya cinye a tafi ɗaya. Jagora kuwa, ya ce idonsa ne jagora. Aka jawo waya daga shagon mai aski.

Ya fara da ƙafar firam ta hagu, daga sama. Injin ya ɗauki kuka, garin katako ya turnuƙe ɗakin, ja, mai ƙamshi, kamar jiya aka saro itacen. Iya ta rufe hanci da gefen mayafi. Na ga idonta ya kawo ruwa, ban sani ba ko garin ne. Bai yi taƙi biyu ba sai ƙarar ta sauya, ƙarfe ya ci ƙarfe, tartsatsi ya fito, injin ya yi tsalle ya ɓantari gefe.

Ya kashe, ya hura wurin. "Gaɓa ce. Tsohon katako haka yake."

"Gaɓa mai tartsatsi," in ji mai aski, wanda ya leƙo da almakashi a hannu. "Yau na ga sabon itace."

"Kai tsaya a kan gashi, nan ba wurinka ba ne."

Na ce, "Saura biyu a wannan gefen. Ɗaya daidai ƙugu, ɗaya daidai gwiwa."

Ya yi kamar da bango nake. Ya sake kunnawa, ya danna da ƙirji. Ya sami ta ƙugu, ya sami ta gwiwa, daidai inda na faɗa, ya cinye kawunansu duka. Haƙorin ya dakushe, ya koma ƙona katako maimakon yanka, ƙamshin nan ya zama ƙauri. Layin da ya fitar kuwa, ko tafiyar mai maye ta fi shi miƙewa.

"Malam, ƙafar nan ba abin da ke riƙe da ita yanzu sai filasta da tsohon fentina."

"Haba Baba. Shekara talatin tana tsaye, yau ne za ta gudu?"

Akwai abin da injin nan ba ya iyawa, ko a hannun wa yake. Gindinsa faffaɗa ne. In ya kusa ƙasa sai ya tokare da daɓe, in ya kusa sama sai ya tokare da kan firam. Kullum yana barin kamar taƙi guda a kowace kusurwa. Wannan ragowar sai cizal mai kaifi, ana turawa da tafin hannu, ana ɗebe siriri-siriri, ba a ma cika sa guduma ba.

Minti Biyar ya tsuguna yana kallon kusurwar ƙasa kamar yau ya fara ganin kusurwa. Ya buɗe akwati, ya rufe. Ya sake buɗewa. Cizal ɗinsa na can gidana a cikin aljihun rigar fenti.

Iya ta tashi, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani abu naɗe a tsumma mai maiƙo. Cizal ɗin Yaya ne, ƙotarsa ta yi baƙi don riƙo. Shekara huɗu da rasuwarsa, duk wata sai ta shafa masa mai. Ba ta taɓa ba kowa aronsa ba. Ni ma da na tambaya, hana ni ta yi.

"Ungo, ɗan nan. Da shi aka yi gurbin farko."

Mai aski na tsaye, matar mai kanti ta ƙaraso, wasu biyu sun tsaya a titi suna kallo. Ya dubi cizal ɗin, ya dubi mutane. Ni da na san labarin wata bakwai da dutsen wasa, na san abin da ke cin sa. Da ya miƙa hannu ya karɓa, da yau matar Yaya na ɗakinta.

"Iya, mayar da kayan tarihi kada su ɓata," in ji shi, da ƙarfi don kowa ya ji. "Mu yanzu an wuce nan."

Ya zaro wata ƙatuwar sukundireba daga akwati, ya tsallaka titi wurin mai facin taya ya aro guduma, irin wadda ake dukan ƙarfen mota da ita.

Na miƙe daga kan bokiti. A rayuwata ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban iya ba. Na ce, "Malam, don Allah."

"Minti biyar, Baba."

Bugu na farko, sukundireba ta nutse ta tsaga katakon. Na biyu, ƙafar firam ta motsa, na ga fentina ya buɗe baki tsakaninta da bango. Na uku, tsaga ta tashi daga daɓe, ta bi gefen ƙofa, ta haura har kusa da silin. Filasta mai faɗin faranti ta ɓallo ta faɗi gaban ƙafar Iya ta tarwatse.

Sai ƙarar makullai muka ji. Ashe tun da aka kunna inji Mai Makullai na zaune a kujerar mai aski, wai gyaran fuska ya zo. Ya shigo da tawul a wuya. Ya bi tsagar da ido daga ƙasa zuwa sama, a hankali, kamar mai karanta wasiƙar albishir.

"Sannu da aiki, injiniya," in ji shi. Ya juya ga na bakin ƙofa. "Kun dai ji abin da na faɗa ranar." Sannan ya sassauta murya. "Ƙarshen wata, Iya. Ba ni na so ba."

A lokacin ne ruwan ya sauko. Tsohon ƙyaure na kwance a titi, sabo bai shiga ba. Ni da mai aski muka kinkimi sabon muka jingina a bakin ƙofa, muka tokare shi da benci, ruwa na kwararowa ta gefe. Abin da Minti Biyar ya fara yi shi ne ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe injin. Iya na zaune a bakin gado da cizal a cinya, ta naɗe shi a tsumma, ta kwance, ta sake naɗewa. Ruwan shayin ya tafasa har ya ƙafe, ba wanda ya tuna da shi.

Sau uku ina zuwa wurin Mai Makullai. Na ce zan kawo magini ya gyara, in shafe da hannuna, ba wanda zai gane an taɓa wurin. Ya ce magana an yi ta a gaban shaidu. Mai aski ya je, matar mai kanti ta je, duk amsa ɗaya. Kunyar da ta riƙe shi shekara huɗu, surukina ya cire masa ita da bugu uku.

Ranar kwashe kaya Minti Biyar bai zo ba. Ya aiko Auta ta ce babban aiki ya riƙe shi. Tana ɗaure tukwane tana kuka. Da aka gama loda mota, matar Yaya ta tsaya a bakin ƙofa, ta shafa ƙafar firam ta dama, wadda injin bai taɓa ba, sannan ta fito.

Maginin da ya fasa wurin don a yi shago ya gaya mini daga baya, ƙafar hagu da hannu ɗaya ya cire ta. Ta dama kuwa, mai ƙusa uku, sai da ya yi rabin yini yana fama da ita da ƙarfe.

Shi kuwa Minti Biyar nasa labarin daban ne. Wai firam ɗin ruɓaɓɓe ne, aikin mutanen da, ba lissafi, kuma da bai gano ba da bangon ya faɗo wa Iya tana barci. Ya faɗa ya sake faɗa har na ga shi kansa ya yarda. Ya taɓa faɗa a gabana, a kan tabarmata, hannunsa a cikin kwanona. Na tura masa kwanon, na ce, "Ƙara, Malam."

Matar Yaya na gidana, a ɗakin baya. Tagarsa katanga take kallo, kuma ba ta san kowa a layinmu ba. Labule ne a ƙofar. Ƙyauren nan mai nauyi na jingine a lungu, na ce a kira wani ya kafa mata, ta ce a bar shi, ta gaji da maganar ƙofa. Cizal ɗin na cikin akwatinta, har yanzu tana shafa masa mai.

Minti Biyar ya sayar da injin bara. Yanzu yana aiki a wani kamfanin gine-gine, shi ne mai duba aikin kafintoci. Yana yawo da hular kwano da fayil a hammata, yana buɗe ƙofofi yana rufewa, wadda ba ta yi masa ba ya sa a cire a sake.